Kujera 44 Cikin 44: Yadda Ya Kamata a Karanta Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Kano

Ranar Asabar 16 ga Janairun 2021 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. APC ta kwashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ba ta rage wa kowa ko ɗaya ba. Ranar Asabar 26 ga Oktoban 2024 aka sake yin wani, wannan karon NNPP ce ta kwashe 44 ɗin da 484 ɗin. Wanda bai san Kano ba zai ɗauka cewa cikin shekara huɗu ba cika ba mutanen jiha sun juya gaba ɗaya, daga Doguwa har Kunci, babu unguwa guda da ta tsaya inda take.

To amma tsakanin zaɓukan nan biyu akwai zaɓen gwamna na 18 ga Maris ɗin 2023, wanda INEC ta gudanar. Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. A lura da abu biyu a nan. APC ta shiga wancan zaɓe tana riƙe da kowane ciyaman da kowane kansila a jihar, duk da haka ta faɗi da ratar ƙuri'a sama da 128,000. Sannan jam'iyyar da ta tara ƙuri'a kusan 900,000, ta kuma ci kujerar Sanatan Kano ta Arewa, bayan wata 19 ba ta da kansila ko guda. Duka biyun ba sa shiga lissafi idan har sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi awo ne na ƙarfin jam'iyya a wurin talakawa. Ba shi ba ne. Abin da yake aunawa shi ne wanda ke zaune a gidan gwamnati ranar da aka yi zaɓen. A 2021 ɓangaren Kwankwasiyya ya ƙaurace, a 2024 APC ba ta shiga ba, kuma kowannensu ya san dalilin da ya sa bai ɓata kuɗinsa ba.

Ba haka abin ya faro ba a wannan jamhuriya. Zaɓen farko da aka yi a shirin miƙa mulki na Janar Abdulsalami Abubakar na ƙananan hukumomi ne, ranar 5 ga Disamban 1998, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta yi shi. Da sakamakonsa aka tantance jam'iyyun da za su samu rajista ta dindindin: PDP ta fi kowa, APP ta bi ta, AD ta kama ƙasar Yarabawa. A lokacin ana iya duba taswirar ƙananan hukumomi a faɗi inda iska ke kaɗawa. Da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya fara aiki sai aikin ya koma hannun hukumomin zaɓe na jihohi, kuma daga nan labari ya sha bamban.

Asalin matsalar tana cikin yadda aka gina hukumar. Sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulki ne ya kafa hukumar zaɓe mai zaman kanta a kowace jiha, da shugaba ɗaya da kwamishinoni daga biyar zuwa bakwai. Gwamna ke naɗa su, majalisar dokokin jiha ta amince, su yi shekara biyar. Kuɗin buga ƙuri'a, kuɗin mota, alawus ɗin malaman zaɓe, duk daga baitulmalin jiha suke fitowa, sai lokacin da gwamna ya sa hannu. Dokar da ta tsara zaɓen da wa'adin ciyamomi ita ma majalisar jiha ce ke yin ta, kuma ita ke iya gyara ta ana saura 'yan makonni. Abu ɗaya tak hukumar jiha ke aro daga waje, wato rajistar masu zaɓe, wadda take hannun INEC. Shi ya sa duk jam'iyyar da ke son hana zaɓe takan nufi Babbar Kotun Tarayya ta nemi a hana INEC bayar da rajista, a kuma hana 'yan sanda bayar da tsaro, tunda su ma na tarayya ne.

Haka aka yi a Kano. Kwana huɗu kafin zaɓen 2024, Babbar Kotun Tarayya ta ce shugaban hukumar zaɓe ta Jihar Kano (KANSIEC), Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da kwamishinoninsa ba su cancanci riƙe muƙaman ba saboda alaƙa da jam'iyya mai mulki. Ana gobe zaɓe Babbar Kotun Jiha ta ce a ci gaba. 'Yan sanda suka ce umarnin kotun tarayya za su bi, aka yi zaɓen ba da su ba. Sai a 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin farko bisa cewa kotun tarayya ba ta da hurumin sauraron maganar. Mai jefa ƙuri'a da ya kwana bai san ko akwai zaɓe gobe ko babu ba, da wuya ya bar kasuwa ko gona ya je ya bi layi.

Gaggawar da aka yi a wannan shekara tana da tushe. Wa'adin ciyamomin 2021 ya ƙare a farkon 2024, gwamnati ta naɗa kwamitocin riƙo. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36: a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma duk ƙaramar hukumar da ke hannun kantoma ba zaɓaɓɓe ba kada a ba ta ko kwabo. Aka ba jihohi wata uku su kimtsa. Nan da nan jihohin da suka shekara da shekaru suna fakewa da rashin kuɗi ko rashin tsaro suka fitar da jadawali. KANSIEC da ta sa 30 ga Nuwamba ta dawo da shi 26 ga Oktoba. Jigawa ta yi nata ranar 5 ga Oktoba, APC ta ɗauke ciyamomi 27. Kaduna ranar 19 ga Oktoba, APC ta ɗauke 23.

Gajarta lokaci makami ne, domin jam'iyyar gwamnati ta san ranar tun kafin a sanar, ta riga ta zaɓi mutanenta, ita kuwa ta adawa sai ta ji a rediyo. Kuma nan ne wurin da zaɓe ya fi saurin rushewa a kotu. Sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce matakan da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja su ne za a bi a jihohi, zaɓen da ya saɓa musu kuma ba zaɓe ba ne. Da wannan sashe Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen Jihar Ribas ranar 28 ga Fabrairun 2025. Tun a 2010 ma ta taɓa rushe na Osun saboda ba a ba da isasshiyar sanarwa ba. Lauyan jam'iyyar adawa da ya san aikinsa yakan fara tara takardu tun ranar da aka fitar da sanarwar farko, ba ranar da aka bayyana sakamako ba.

Sai kuɗin fom, wanda ni a ganina shi ne shingen da ya fi kowane tsawo, ko da yake ba a cika tsayawa a lissafa shi ba. KANSIEC ta fara sa naira miliyan 10 ga ɗan takarar ciyaman da miliyan 5 ga na kansila. Jam'iyyar da ke son tsayar da mutum a kowace kujera za ta biya miliyan 440 na ciyamomi da miliyan 2,420 na kansiloli, jimla naira biliyan 2 da miliyan 860, tun kafin ta buga fosta ɗaya. Bayan an je kotu aka rage zuwa miliyan 9 da miliyan 4, wanda ya kama biliyan 2 da miliyan 332. Wannan ban da kuɗin fom na cikin jam'iyya, da takardar haraji, da gwajin ƙwaya. Matashin da unguwarsu ta yarda da shi, malamin firamare mai ritaya, shugabar ƙungiyar mata masu sana'a, irin mutanen da aka ƙirƙiri kujerar kansila dominsu, babu mai miliyan 4 a cikinsu. Sai wanda wani babba ya saya wa fom, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka zaɓen gaskiya yakan ƙare ne a cikin gida, wajen fid da gwani. A takarda ana cewa maslaha aka yi. A aikace ana kiran masu ruwa da tsaki na ƙaramar hukuma, wato ɗan majalisar tarayya, ɗan majalisar jiha, kwamishina ko mai ba da shawara idan akwai, shugaban jam'iyya da dattawa, su miƙa sunaye biyu ko uku, sannan a kai sama a zaɓi ɗaya. Kansiloli kuma a raba su kamar gado: wannan mazaɓa ta ɗan majalisa, waccan ta kwamishina. Wanda ke son sanin inda ƙarfi yake a cikin jam'iyya mai mulki, wannan jerin sunaye zai karanta. Ɗan majalisar da aka ƙi ɗaukar mutuminsa a ƙaramar hukumarsa ta haihuwa, an riga an gaya masa matsayinsa a zaɓe mai zuwa, kuma sau da yawa daga irin wannan ɗauki-ɗora ake fara jin ƙishin-ƙishin sauya sheƙa.

Ranar zaɓe kuwa, ga yadda aikin yake bisa tsari. Kano na da rumfunan zaɓe 11,222 da masu rajista 5,921,370 a lissafin 2023. Ana kai kaya hedikwatar ƙaramar hukuma ranar Juma'a, a raba su mazaɓa-mazaɓa da daddare, da asuba su isa rumfuna: akwati, ƙuri'un ciyaman da na kansila, rajista, tawada, hatimi, da takardar rubuta sakamako. Bayan an gama dangwale a ƙirga a gaban jama'a, malamin zaɓe ya rubuta, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa. Daga nan sai cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, inda ake bayyana kansila, sannan ta ƙaramar hukuma, inda baturen zaɓe ke bayyana ciyaman.

Wurin da aka fi yin ɓarna ba akwatin ba ne, takardar sakamako ce. A jihohi da dama ƙorafin 'yan adawa iri ɗaya ne: an kawo akwati da ƙuri'u amma babu takardar sakamako, ko an kawo hoton kwafi maimakon ta asali mai lamba, ko kuma kaya ba su iso ba sai bayan Azahar lokacin da masu layi sun watse. Idan babu wannan takarda a rumfa, duk abin da aka jefa a akwati ba shi da shaida, lambar da aka rubuta a cibiyar tattarawa ita ce za ta tsaya. Hukumomin jihohi ba su da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta kansu, yawanci da ido ake duba suna a rajista, kuma babu shafin intanet da ake ɗora sakamakon kowace rumfa. Akan ma bayyana waɗanda suka ci ba tare da an faɗi yawan ƙuri'un kowace mazaɓa ba. Idan aka je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda Babban Jojin jiha ke kafawa, nauyin kawo hujja a kan mai ƙara yake, rumfa bayan rumfa. Wanda ba shi da kwafin da wakilinsa ya sa wa hannu, ƙararsa ta mutu tun kafin a zauna. Shi ya sa wakili mai hankali ba ya yarda a fara jefa ƙuri'a sai ya ga takardar sakamako ta asali da idonsa, ya rubuta lambarta da lambobin ƙuri'un da aka kawo.

Kafin a ce ai halin mutanenmu ne, a duba Abuja. Ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya su kaɗai INEC ke yi wa zaɓe. Ranar 12 ga Fabrairun 2022, APC na mulkin ƙasa kuma ministan Abuja nata ne, amma PDP ta ci ƙaramar hukumar birnin Abuja (AMAC) da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Uku da uku. A Kaduna ma, da aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021 zamanin Nasiru El-Rufai, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, musamman a kudancin jihar, har ma ta kayar da APC a rumfar gwamnan kansa ta Unguwar Sarki a 2021. Na'urar ba ta rasa aibu ba: an yi ƙorafin mutum ɗaya na iya dannawa fiye da sau ɗaya, an kuma sace ko an farfasa wasu. Amma ta rage ikon mai alƙalami a cibiyar tattarawa. Da aka koma ƙuri'ar takarda a 2024, sai ga 23 cikin 23.

Hujjar da ta fi ƙarfi kan cewa gwamna ake bi ba jam'iyya ba daga kudu ta zo. A Ribas, Gwamna Siminalayi Fubara a 2024 ɗan PDP ne amma ragamar jam'iyyar a jihar na hannun tsohon gwamna Nyesom Wike, sai mutanensa suka fito a wata jam'iyya mai suna APP (ba waccan ta 1998 ba) wadda ba ta da tarihin cin zaɓe a jihar, ta kwashe 22 cikin 23 ranar 5 ga Oktoban 2024. Bayan an rushe zaɓen, an sa dokar ta-ɓaci, an sake yi ranar 30 ga Agustan 2025, APC ta samu 20, PDP 3. Masu zaɓen dai su ne, cikin wata 11. A Abiya a 2024, lokacin da jam'iyyar LP ta gwamna ke fama da rikicin shugabanci, ZLP ce ta ci 15, YPP ta ci 2.

Me ake nema a waɗannan kujeru har ake wannan kokawa? Da farko kuɗi. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, haka kuma kashi 35 na harajin VAT. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya sa kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a can ake cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage a ba ciyaman. Hukuncin 2024 ya nufi rufe wannan ƙofa, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, wasu jihohi kamar Anambra ma sun yi sabuwar doka da ta sa ƙananan hukumomi su riƙa mayar da wani kaso cikin asusun bai-ɗaya. Ni a fahimtata hukuncin ya ƙara wa gwamnoni dalilin riƙe kujerun ne. Da can ko ɗan adawa ya ci, kuɗinsa ta hannunka za su bi. Yanzu idan kuɗin za su faɗa asusunsa kai tsaye, dole mai sa hannu ya zama naka.

Na biyu shi ne tsarin jam'iyya a ƙasa. Ciyaman ne ke ɗaukar nauyin shugabannin mazaɓu, shi ke kawo motocin taro, shi ke da jerin sunayen da ake raba taki da kayan azumi da shi. A zaɓukan fid da gwani na 2022, APC ta ɗauki daliget uku daga kowace ƙaramar hukuma zuwa babban taro na ƙasa, PDP ta ɗauki ɗaya. Wanda ke riƙe da ƙaramar hukuma shi ke da bakin magana kan waɗanda za su tafi. Wannan ƙarfi ne na gaske a cikin jam'iyya. Abin da ba ya iya yi shi ne tilasta wa mai ƙuri'a a babban zaɓe, kamar yadda 2023 ta nuna.

Idan mulki ya sauya hannu kuwa, ciyamomin tsohuwar jam'iyya hanya uku ce a gabansu: a rushe su, a jira wa'adinsu ya ƙare, ko su bi sabon gwamna. A Katsina gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe zaɓaɓɓun ciyamomin PDP a 2015. Kotun Ƙoli ta ce haramun ne, ta ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu, amma sai a Mayun 2021, wa'adin ya daɗe da wucewa. A Edo majalisar jiha ta dakatar da ciyamomi 18 a Disamban 2024, wata guda bayan rantsar da gwamnan APC. Kano kuwa ta nuna hanya ta uku a sarari. A Janairun 2026 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fice daga NNPP ya koma APC, ciyamomin da aka zaɓa a 2024 suka bi shi. Jam'iyyar da ba ta shiga zaɓen ba ta wayi gari da kujerun, ba tare da an jefa ƙuri'a ɗaya ba. Kundin tsarin mulki ya tanadi rasa kujera ga ɗan majalisar tarayya ko ta jiha da ya sauya sheƙa ba tare da rabuwar jam'iyyarsa ba, amma bai ɗora wannan a kan gwamna ba.

Abin da ke ba ni takaici a duk wannan shi ne kujerar kansila, domin ita ce hukuma mafi kusa da ƙofar gidan mutum, ita ce ya kamata a tambaya idan famfon unguwa ya lalace ko rufin aji ya yaye. Kuma ita ce mafi sauƙin ci ga wanda ya shirya. A raba lambobin Kano: kowace mazaɓa na da matsakaicin rumfa 23 da masu rajista kimanin 12,200. Idan mutum ɗaya cikin biyar ya fito, ƙuri'a 2,400 ke nan ake rabawa. Jam'iyyar adawa ba za ta iya biyan wakilai 11,222 ba, amma tana iya zaɓar mazaɓu 40 ko 50 inda ta yi rinjaye a zaɓen gwamna, ta sa wakili biyu 'yan unguwa a kowace rumfa, ɗaya ya tsaya kan akwati, ɗaya ya bi takardar sakamako har cibiyar tattarawa, da lauya a hedikwatar ƙaramar hukuma tun daren Juma'a. Ƙauracewa tana ba da kanun labarai na kwana biyu, sannan ta bar jam'iyya shekara uku ba ta da wanda zai ga takardar kasafin kuɗi. A majalisar kansiloli 11, inda ake buƙatar kashi biyu cikin uku, wato mutum 8, kafin a tsige ciyaman, kansila huɗu sun isa su hana, kuma ko ɗaya ne yana da ikon tambayar inda kuɗin wata suka shiga a rubuta tambayarsa.

Ana ta kiran a soke hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa wa INEC. Wannan gyaran kundin tsarin mulki ne, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, majalisun da mafi yawansu ba sa ƙetare maganar gwamna. Akwai gyare-gyaren da majalisar jiha ɗaya za ta iya yi a zama guda: a rubuta ranar zaɓe a cikin doka ta yadda gwamna ba zai matsar da ita ba, a ƙayyade kuɗin fom da abin da bai wuce albashin kansila na wata ɗaya ko biyu ba, a wajabta liƙa sakamako a bangon kowace rumfa da wallafa shi rumfa-rumfa cikin kwana biyu. Idan wa'adin ciyamomin Kano ya tsaya a shekara uku, zaɓe na gaba zai faɗo ne a ƙarshen 2027, 'yan watanni bayan an rantsar da wanda ya ci zaɓen gwamna.